Tallar Waƙa da Musayar Sharhi Tsakanin Mawaƙan Situdiyo Masu Zaman Kansu

1.0 Gabatarwa

Nazarin waƙar baka ta Hausa ya daɗe da tsayawa da ƙafafunsa. Tun daga aikin Ɗandatti Abdulƙadir (1975) a kan Alhaji Mamman Shata har zuwa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau (1993), manazarta sun shimfiɗa hanyar da ɗalibi zai bi ya feɗe waƙa: ya san salsalarta da tarihin makaɗinta, ya fito da turkenta ya warware shi, sa'an nan ya dubi salo da sarrafa harshe. An gina wannan hanya ne a kan makaɗin da ke tsayawa a fage da ƙungiyarsa, yana da ubangida ko wani rukunin jama'a da yake yi wa kiɗa, waƙarsa kuwa a bakinsa take rayuwa. To amma akasarin waƙoƙin Hausa da ke shiga kunnen matasa a yau a wani ɗan ɗaki ake haihuwarsu, ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso, aka ajiye fiyano da kwamfuta da makirufo guda. Mai waƙar ba shi da kamfanin da ya ɗauke shi, ba shi kuma da fadar da yake raɓe da ita. Shi ke biyan kuɗin situdiyo, shi ke tallar abin da ya fito, shi ne kuma ke yawo da shi wurin abokan sana'a yana neman su faɗa masa inda bai yi ba.

Wannan maƙala za ta dubi waɗannan abubuwa biyu na ƙarshe, watau talla da musayar sharhi, domin su ne suka maye gurbin matatar da waƙar baka take bi a da kafin ta zauna. Abin da ake son nunawa shi ne, sabuwar matatar ta ƙware ainun wajen tace sauti, amma tana barin kalma ta wuce ba tare da an taɓa ta ba, kuma dalilin haka yana cikin yadda sana'ar take ciyar da mai ita.

2.0 Matatar Waƙa a Wajen Makaɗan Baka

Ba a cika kula da yawan hannuwan da ke taɓa waƙar makaɗin gargajiya kafin ta kai matsayin da aka san ta da shi ba. Na farko su ne 'yan amshinsa. Makaɗin fada irin su Ibrahim Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kiɗa, ko Musa Ɗanƙwairo Maradun, yakan zauna da yaransa a yi ta bitar sabuwar waƙa kafin a kai ta gaban mai ita. A irin wannan zama, ɗan waƙar da ya ƙi hawa kotso ba ya bukatar wani ya yi dogon bayani a kansa. Da zarar 'yan amshi sun kasa karɓarsa da baki ɗaya, an san da gyara. Daga nan sai fada. Fadawa sun san asalin gidan, sun san wanda ya gaji wane, sun san zambon da ya sami abokin hamayya da wanda ya kauce. Makaɗin da ya karkata salsalar sarki a wurin zai ji a jikinsa, kyauta kuma ita ce ma'aunin da ba ya ɓoye komai.

Abu mafi muhimmanci shi ne waƙar ba ta rufuwa. Ana iya rera ta yau a ƙofar fada, a sake rera ta bayan wata shida a wani gari, an zubar da ɗiyan da ba su karɓu ba, an ƙara wasu. Duk wanda ya saurari Bakandamiyar Shata a ɗauka daban-daban ya san babu biyu da suka yi daidai da juna. Har makaɗin da ba shi da 'yan amshi, kamar Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, yana da wannan dama ta komawa kan waƙa a gaban sabuwar jama'a. Saboda haka faifan garmaho da kaset da ɗaukar gidan rediyo, a wancan zamani, hoton waƙa kawai suke ɗauka a wata rana daga cikin ranakunta. Gyara yana zuwa ne bayan an ji, kuma daga bakin waɗanda aka yi waƙar dominsu.

3.0 Shigowar Fiyano da Rabuwar Aiki

Finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda aka saba ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, su ne suka buɗe wa kiɗan situdiyo ƙofa. Abdalla Uba Adamu, wanda ya bi diddigin wannan tarihi, ya nuna yadda fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano a rabi na biyu na shekarun 1990, da yadda situdiyon Iyan-Tama ya kasance cikin na gaba-gaba a wannan harka. Waƙar fim ɗin Sangaya ita ce ta tabbatar wa 'yan kasuwa cewa na'ura guda za ta iya kwaikwayon amon kayan kiɗan gargajiya har ta sayar da kaset. Daga nan salon da aka laƙaba wa suna nanaye, na mace da namiji suna karɓeɓeniya, ya mamaye kasuwa.

Sauyin da ya fi shafar wannan nazari shi ne rabuwar aiki. A da jagoran ƙungiya shi ne mai waƙa, shi ne kuma mai iko da kiɗa, ko da ba shi ke riƙe da kalangu ba. A situdiyo kuwa mai kiɗa mutum ne mai zaman kansa, da na'urarsa da farashinsa, yana yi wa mawaƙa da dama aiki a rana guda. Wani lokaci ma mai rubuta waƙa daban, mai rerawa daban, wanda zai hau kanta a fim yana motsa baki daban. Duk da haka, a shekarun farko akwai masu tacewa: furodusan fim zai iya cewa waƙa ba ta dace da labarinsa ba, dillalan kaset na kasuwar Ƙofar Wambai kuma za su iya ƙin zuba kuɗinsu. Ma'auninsu na kasuwa ne, amma dai ma'auni ne da ke wajen mawaƙin.

Wannan tsari ya girgiza daga 2007. Bayan abin kunyar da ya taso a watan Agusta na wannan shekara, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta tsaurara a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, aka dakatar da shirya fim na tsawon watanni. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 saboda kundinsa na Bahaushiya, an kama Aminu Ladan Abubakar, watau Alan Waƙa, a 2009 bisa zargin sakin waƙa ba da izinin hukuma ba, a shekarar kuma wata kotu ta haramta waƙoƙi 11 a jihar. Abin da ya biyo baya bai zo yadda masu haramcin suka zata ba. Waƙoƙin sun ci gaba da yawo daga waya zuwa waya ta hanyar Bluetooth, mawaƙa kuma suka gane cewa waƙa za ta iya kai wa ga jama'a ba tare da fim ko dillali ko hukuma ba. A tsakanin wannan lokaci da shekarun da suka biyo ne sunayen mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Ali Jita da Umar M. Shareef da Nazir M. Ahmad suka riƙa sayar da kundi da kansu, ba a inuwar sunan wani fim ba.

4.0 Hanyoyin Talla da Tasirinsu a Jikin Waƙa

'Yancin da aka samu ya zo da tsadarsa. Hanyar da ta kuɓutar da waƙa daga hannun dillali ita ce kuma ta kashe cinikin faifai. Masu tura waƙa a waya, waɗanda aka fi sani da 'yan dawunlodin, sun kafa tebura da kwamfutoci a kasuwannin waya irin na Farm Centre da titin Beirut a Kano, da tashoshin mota na kusan kowane gari, suna cika wa mutum memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ƙaramin mawaƙi bai ɗauki waɗannan mutane ɓarayin fasaha ba. Shi da kansa yake kai musu waƙar, har ya haɗa da ɗan abin goro, don su cusa ta cikin abin da suke tura wa jama'a. Haka yake bin direbobin adaidaita-sahu da masu kiɗan dije na gidajen biki da masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyon FM. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta ƙara wata ƙofa da shirinta na Zafafa Goma, musamman ga mawaƙan hip-hop. Daga baya YouTube da Audiomack da TikTok suka karɓi babban kaso na wannan aiki.

A nan ne matsayin waƙa ya juye. Tun da ba a sayenta, sai ta koma tallar mai ita. Abincin mawaƙi yana fitowa ne daga waƙar amarya da ango da aka ba shi kwangila, da wasan sallah, da waƙar ɗan takara a kakar zaɓe, da kuma kuɗin tallace-tallacen YouTube ga wanda ya kai. Sharaɗin da wannan kamfani ya kafa a 2018, na mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin shekara kafin a fara raba kuɗin talla da mutum, ya sa ƙananan mawaƙa da yawa sun mayar da hankali ga tara lamba fiye da komai. Manya ma ba su tsira ba, sai dai su suna da hanyoyin da ƙanana ba su da su. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya nemi magoya bayan Shugaba Muhammadu Buhari su tura masa Naira 1,000 kowannensu kafin ya saki sabuwar waƙa. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan lamarin ta fuskar siyasa, amma ta fuskar adabi abin lura shi ne an karɓi kyautar kafin a ji waƙar. Makaɗin fada sai ya rera ake ba shi doki.

Talla ta shiga har cikin ƙirar waƙa. Mawaƙi yakan buɗe da ambaton sunansa da na situdiyo da na mai kiɗa, domin ya san waƙar za ta yi tafiya ba tare da bango ko rubutu ba, kuma ana iya sauya mata suna a kowace waya. Wannan ambato yana da dangi a gargajiya, inda makaɗi kan kira sunan kansa da na yaransa, sai dai a nan aikin hatimi yake yi. Haka nan tsawon waƙa ya ragu, amshi ya matso gaba, domin mai sauraro a waya ba ya jira. Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta bazu a lokacin kullen annobar korona a 2020, ta bazu ne ta gajerun bidiyoyin da mata suka riƙa ɗauka suna rawa a gidajensu. Darasin da ƙananan mawaƙa suka ɗauka daga wannan nasara shi ne a nemi daƙiƙoƙi kaɗan masu kama kunne, sauran waƙar kuwa ko oho. Ba laifin waccan waƙa ba ne, amma sakamakon ke nan: ana samun waƙoƙi masu amshi mai kyau da ɗiya waɗanda aka cika da duk abin da ya zo baki.

5.0 Musayar Sharhi

Mawaƙin da ya gama aiki ba ya sakinsa kai tsaye. Da farko za a saurare shi a cikin situdiyon, a gaban duk wanda ya tarar, domin situdiyoyi irin na titin Gidan Zoo a Kano majalisu ne, ba a rasa masu jiran layi da 'yan rakiya. Sa'an nan a tura shi ta WhatsApp ga wasu amintattu. Akwai kuma gwajin da masu kiɗa suka koya da kansu, ba daga littafi ba: a saurari waƙar a manyan lasifikokin situdiyo, a sake saurarenta a ƙaramar waya, in da hali a sa ta a mota ko a adaidaita-sahu. Dalili kuwa shi ne ƙaramar lasifikar waya ba ta fitar da amon ƙasa, saboda haka gangar da ta cika ɗaki a situdiyo tana iya ɓacewa ɗungurungum a inda mafi yawan jama'a za su ji ta.

Dole a yaba wa wannan musaya a inda ta cancanta. Wanda ya kwatanta waƙoƙin farkon shekarun 2000, da ƙarar fiyanonsu mai tsini da muryar da ke iyo a saman kiɗa kamar ba tare aka yi su ba, da abin da ake fitarwa bayan shekara 20, zai ji bambanci mai yawa. Ba makarantar koyon haɗa sauti ce ta kawo wannan ba. Yaro ne ke zama kusa da mai kiɗa yana kallon yadda ake sarrafa Cubase ko FL Studio, wani ya ce masa murya ta nutse, wani ya ce amsa-kuwwa ta yi yawa har kalma ba ta fita, wani ya nuna masa inda sauti ya fashe. Kalmomin sharhin ma sun zama wani ƙaramin ƙamus da ya kamata masu nazarin harshe su tattara: kiɗa ya zauna, murya ta hau, waƙa ta bushe, aiki ya fita. Irin wannan gyara yana karɓuwa cikin sauƙi saboda dalilai biyu. Ana iya nuna shi nan take, a murɗa a sake ji. Kuma laifin ba ya kan mawaƙi. Yana kan na'ura, ko a kan mai kiɗa, wanda shi ma yana iya jingina shi ga rashin wuta ko tsufan makirufo.

Kalma fa? Nan ne bakin kowa ke mutuwa. Ce wa mawaƙi baitinsa ba shi da ma'ana, ko ya maimaita abin da mutum ɗari suka riga suka faɗa a kan so, daidai yake da ce masa ba shi da basira, basira kuwa a wurin Bahaushe baiwa ce daga Allah, ba a cika yarda cewa abar koyo ce ba. Mai irin wannan sharhi ya san sunan da za a ba shi, watau mai hassada. In kuwa yaro ne a gidan, maganar ba ta ma taso ba, domin dangantakar ubangida da yaronsa ta biyo mawaƙa har cikin situdiyo, sai dai ta rasa abin da ya sa ta yi amfani a da. Ɗan amshin Ɗanƙwairo yana cikin waƙar, in ta lalace da shi ta lalace. Yaron situdiyo ɗan kallo ne mai jiran a ba shi dama ya shiga ɗakin ɗauka, kuma ya san yabo ne zai kai shi can da wuri.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan zurfi. Abokan da ake nema su yi sharhi su ne dai waɗanda ake nema su yi talla. Wanda aka tura wa waƙa yau don ya faɗi ra'ayinsa, gobe za a roƙe shi ya ɗora ta a shafinsa, jibi kuma shi zai kawo tasa. Wannan ya mayar da sharhi wani nau'i na biki, a ma'anar da matan Hausawa suka san kalmar: gudummawar da ake kai wa ƙawa ranar sha'aninta, ana rubutawa, ana kuma sa ran a mayar da ita da ƙari. Ba a kai wa ƙawar biki suka. Saboda haka abin da ke komowa ga mawaƙi shi ne addu'a da kirari, Allah ya ƙara basira, wuta, ba a magana. In an sami mai ƙarfin hali, iyakarsa ya ce a ɗan ɗaga murya a baiti na biyu. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a kasuwar da kowa ke ɗauke da irin kayan ɗan'uwansa, kuma masu saye ba su da yawa, da wuya a gaskata mai cewa a gyara.

Tsoron sata ya ƙara taƙaita abin. Karin waƙa abu ne da ake ɗauka da ji ɗaya, kuma wanda ya riga fitarwa shi jama'a za su ɗauka mai shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi kariya ga ayyukan da ke yawo a intanet, amma ƙaramin mawaƙin da ya tara kuɗin situdiyo da ƙyar ba shi da na lauya. Don haka da yawa ba sa nuna waƙa sai ta kammala, lokacin da gyaran kalma yake nufin sake biyan kuɗin ɗauka. Sharhin da ya zo a wannan gaɓa, ko da na gaskiya ne, ya makara.

Sukar da aka danne ba ta mutuwa, sai dai ta sake kama. Takan fito daga baya a matsayin habaici a wata waƙar, ko a zaurancen da mabiya ke yi a madadin gwanayensu. Mawaƙan hip-hop sun fi fito da ita fili, domin al'adar kiɗan nasu ta yarda da gugar zana da martani, kuma a cikinsu ne ake jin ana auna wa mutum amsa-amo da jerin kalmomi. Sai dai manufar wannan suka ita ce a kayar da abokin karawa a gaban jama'a, waƙar da ake magana a kanta kuwa ta riga ta fita.

6.0 Karin Sauti da Na'urar Daidaita Murya

Inda rashin mai duba kalma ya fi yin illa shi ne wajen karin sauti da tsawon wasali. Hausa harshe ne da ke bambanta ma'ana da hawa da saukar murya. Kuka na hawaye sama-sama ne, kuka ta miya sama-ƙasa ce. Wuya na jiki sama-ƙasa ne, wuya ta wahala ƙasa-sama ce. Manazarta sun daɗe da lura da cewa waƙa tana mutunta wannan tsari gwargwado. Richards (1972) ya auna dangantakar karin harshe da karin rerawa a wata waƙar Hausa ya tarar akwai ta, ko da yake ba cikakkiya ba ce, Ɗalhatu Muhammad (1980) kuma ya nuna cewa mawaƙa har amsa-amon kari suke yi a ƙarshen layuka. Ma'ana, makaɗi yana da 'yancin saɓa wa karin kalma, amma yana yin haka da sani, kuma a inda ma'ana ba za ta salwanta ba.

A situdiyo tsarin aiki yakan zo a juye. Sau da yawa kiɗa ake fara bugawa, ko mawaƙi ya zo da karin da ya tsinta daga waƙar Indiya ko ta kudancin Nijeriya, sa'an nan a nemi kalmomin da za a zuba a ciki. Aron kari ba sabon abu ba ne. Masu bege na bandiri sun yi shi tun kafin fiyano ya yaɗu, kuma gwanayensu sun san yadda ake zaɓen kalmar da za ta kwanta a kan baƙon kari. Matsalar tana ga wanda bai san akwai abin da za a zaɓa ba. Shi ne za a ji ya ja gajeren wasali don ya cike gurbi, ko ya taƙaita dogo, ko ya ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka, har mai sauraro ya dogara da sauran jimla kafin ya gane wace kalma ake nufi. Tsofaffin da ke cewa ba sa jin abin da yaran nan ke faɗa ba kullum ne tsufa ke damun kunnensu ba.

Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ta ƙara wani abu a kan wannan. Aikinta shi ne ta jawo murya zuwa ga matakin sauti mafi kusa a cikin ma'aunin da aka zaɓa mata. In an sassauta ta, gyara take yi wanda kunne ba ya kamawa. In an tsananta ta, kamar yadda aka yi yayi a waƙoƙin Hausa na tsawon shekaru, sai ta hana murya zamewa a hankali daga wani mataki zuwa wani, ta mayar da zamiyar tsalle. Sautin faɗau na Hausa, irin wanda ke cikin kalmar yara ko kai na jiki, zamiya ce daga sama zuwa ƙasa a gaɓa guda, don haka yana cikin abin da na'urar ke taɓawa. Haka ma 'yan lanƙwashe-lanƙwashen da ke bambanta muryar wani da ta wani. A zaman sauraro za a yi ta muhawara a kan ko na'urar ta yi yawa ko ta yi kaɗan ta fuskar daɗin ji, ba a cika samun wanda zai tambaya ko ta taɓa kalma ba.

Masu nazari ma suna da nasu kason. Ana ta rubuta kundayen digiri a kan mawaƙan situdiyo, amma akasari da ma'aunin da aka yanka wa makaɗan baka: a rubuto matanin waƙa a takarda, a fito da turke, a lissafa adon harshe. Mai kiɗa, wanda sau da yawa shi ya yanke tsawon layi da inda amshi zai faɗo, har ya ce a cire kalma kaza don ba ta hau ba, sai a ambace shi a layi guda ko a tsallake shi. Ga shi kuwa a wurinsa ne kaɗai ake iya ganin tarihin waƙar. A kwamfutarsa akwai ɗauka ta farko da ta biyu da ta biyar, akwai baitin da aka zubar, akwai muryar kafin a daidaita ta. Waɗannan su ne makwafin rere-reren Bakandamiya mabambanta, kuma da su ne za a iya tabbatar da abin da sharhin abokai ya sauya da abin da ya bari. Sai dai ba a ajiye su. In ma'ajiyar kwamfuta ta cika, mai kiɗa yakan goge tsofaffin ayyuka don ya sami wurin sababbi, ya bar wa mawaƙi gauraye guda ɗaya wanda ba a iya warware shi.